Idon 'Yar Fari

A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Jikokina in na gaya musu haka sai su yi ta ƙyaƙyata dariya, wai to da me ake kiransa? Da "kai" ake kiransa, ko "yaron nan", ko kuma a bar kiran gaba ɗaya. Ba kya ɗaukarsa a gaban mutane, ba kya yi masa wasa, in ya faɗi ya fasa baki kina tsaye sai ki kau da kai, wata ta zo ta ɗaga shi. Wannan ita ce kunya, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ni kuwa an shaide ni a kanta, har misali ake yi da ni a Koki, unguwar da aka kai ni aure.

'Yar farina mace ce. Ranar da aka yaye ta, uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Iya, ta saɓa ta a baya ta shige ɗakinta da ita. Daga ranar ta zama tata. A can take kwana, a can take ci, ni kuwa Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna kirana. Kada wani ya ɗauka Iya muguwa ce. Wallahi tana son yarinyar nan kamar ta haɗiye ta, ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a jikinta. Ni dai nawa kallo ne ta wutsiyar ido. Ina daka ina kallonta, ina tankaɗe ina kallonta, babu haƙorin da ya fito mata ban sani ba, amma babu mai cewa ya taɓa kama ni ina kallo.

Ina da ƙane, shi ke bi na. Turawa ba su tafi ba a lokacin, ana dai ta maganar mulkin kai, sai aka ɗauke shi makarantar koyon aikin likita da aka buɗe a nan Kano. Kai, mun ga abu! Yaron da na sha wanke wa majina, ga shi ya dawo da keke da farar riga, kowa ya gani sai ya ja masa fatar ido ƙasa ya leƙa. Mai kawo mana ruwa bai tsira ba, mai tallar fura ba ta tsira ba. A shekarar suka fara karanta abin da suke kira bitamin, shi da abokansa ba su da wata hira sai ita.

Da na haifi na biyu, namiji, Innarmu ta roƙa aka bar ni na je gidanmu a Mandawari wankan jego. A nan na sha wannan karatu ba don ina so ba. Ran hutu ƙanena yakan zo da abokan karatunsa biyu, su shigo tsakar gida su gai da Inna, a kawo musu tuwon dawa da miyar kuka. Maimakon su ci su gode wa Allah, sai su tasa kwanon a gaba suna yi masa shari'a. Wannan ya ce babu kaza a ciki, wancan ya ce akwai kaɗan a kuka. Wani dogo a cikinsu har ya ce wa Inna kanwar da take sa wa miya tana kashe amfanin ganye.

Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Uwarka da me take miya?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da kanwa, Inna."

"To ga ka nan kamar zangarniya, ba ka mutu ba. Ci tuwonka."

Bayan sun tafi ƙanena ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin da nake jego. Ya ƙura wa bakina ido ya ce, "Yaya, gefen bakinki ya tsage. Buɗe in ga harshenki."

Na ce, "Ka ci gidanku. Ni za ka koyi likita a kaina?"

Ya yi dariya, amma bai tashi ba. Ya ce akwai yunwar da ciki ba ya jin ta. Mutum zai ci tuwo ya ƙoshi har ya yi gyatsa, amma jikinsa yana neman wani ɗan abu da babu shi a tuwon. Abin ba shi da yawa, ba a ganinsa, kuma iri-iri ne. In aka rasa wani, gefen baki ya tsage. In aka rasa wani, dasashi ya riƙa jini. Wani kuma ƙafar yaro ce za ta gwame. Na ce masa ya je ya gaya wa matalauta, mu gidanmu ba a taɓa kwana da yunwa ba. Raina ya ɗan ɓaci, don na ji kamar yana zagin tukunyar uwarmu.

Sai ya ce, "Kin san dundumi?"

Wa bai san dundumi ba? Mutum yana gani da rana, magariba ta yi ya koma lalube. Mu a wurinmu abin tsokana ne ma.

Ya ce, "Ba abin dariya ba ne a wurin yaro. Shi ne sallamar makanta. Akwai bitamin da ido ke rayuwa da shi, yana cikin hanta da man shanu da madara da manja da ganye irin su zogale. In ya ƙare a jiki, dundumi ke fara zuwa. Daga nan farin ido ya bushe, wani abu kamar kumfar sabulu ya fito a kai. In ba a yi sauri ba baƙin idon ya narke." Can ya ce an kai su ɗakin yara a asibiti, sun ga waɗanda aka kawo bayan ƙyanda. Sun warke daga ƙyandar sarai, amma idon ya tafi. Ya ce malaminsu ya gaya musu ciwon ne ke cinye ɗan abin da ke jiki, mu kuma a gida sai mu hana yaro duk abincin da zai mayar masa da shi. Ya ce, "Yaya, ranar ban iya cin abinci ba. Cokalin mai fa, shi ke nan abin da ya raba su da ganinsu."

Na ce Allah ya kyauta, na juya na ba jaririna nono. Ban ɗauka maganar ta zauna mini ba.

Da bazara, na daɗe da komawa Koki, ƙyanda ta shigo unguwa. Gida-gida take bi. Mijina falken goro ne, ya tafi kurmi, ba a sa ran dawowarsa sai ruwa ya sauka. Mahaifinsa kuwa ya daɗe da rasuwa, saboda haka maganar Iya ita ce magana a gidan. Yarinyar ta kamu, lokacin ta iya magana sosai, bakinta har ya fi ƙarfinta.

Iya ta yi jinya irin wadda ta gada. Ta rufe ta a ɗaki, ta toshe taga da tsumma. Babu nama, babu mai, babu nono, babu miya mai maiƙo, sai tsinkakken kunu. An ce maiƙo yana mayar da ƙyanda ciki ta kashe yaro, kuma dukanmu mun yarda da haka, har ni. Tsohuwar nan ba ta ko zama cin abinci a tsakar gida, tana kan yarinyar. Ni kuwa ina waje, ba ni da ikon in leƙa sai in an aike ni da kwano. Nakan tsaya jikin bango kamar ina shanya, ina sauraron tarinta.

Allah ya sa ta tashi. Aka yi sadakar waina, mata suka shigo barka, duk Iya ake yi wa, ni ko kallona ba a yi don kada a ba ni kunya. Amma dokar abinci ba ta tashi ba. Iya ta ce sai fatar ta gama saɓa tukuna.

Wata ranar da magariba ina alwala, yarinyar ta fito daga ɗakin Iya. Akwai sauran haske, ina ganin zanen tabarma sarai. Sai na ga ta dafa bango tana bin sa da hannu. Ta yi tuntuɓe da buta, ta tsaya, ta miƙa hannu gaba tana cewa, "Iya, kina ina?" Iya kuwa tana zaune gabanta, tsakaninsu bai fi tsawon taɓarya ba. Matan yayyen mijina suka yi dariya, suka ce ciwo ya bar ta da jiri. Ni ruwan da ke hannuna ya zube ban sani ba. Muryar ƙanena kawai nake ji yana cewa sallamar makanta.

Washegari haka, jibi haka. Da rana kuma ba ta son haske, tana runtse ido tana murzawa. Na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Na san abin da ke tafe, kuma bakina a ɗaure yake. Na gwada zagaye. Na ce wa Iya, "An ce yaran da suka yi ƙyanda bana, hanta tana yi musu amfani." Ta ce, "In ji wa?" Na ce haka na ji ana faɗa. Ta ce masu faɗar su ba nasu. Na so in ɗan ɗiga man shanu a kunun, amma Iya da kanta take damawa a ƙofar ɗakinta. Ranar na ƙona tuwo, na zagi kaza, na fasa ƙwarya da gangan don in sami abin da zan yi wa faɗa.

Dabara ta zo mini ta kan jaririna. Shi ɗa na biyu ne, ina da ikon in damu da shi a fili. Da dillaliyar da ke kawo mana zare ta shigo, na ce in ta bi ta Mandawari ta gaya wa Inna jaririn yana tari, a turo mini ƙanena ya duba shi. Yaron nan lafiyarsa lau, ko atishawa ba ya yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji ƙarar kekensa a zaure. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa ya gai da Iya yadda ake gai da surukai. Sannan ya zo ya karɓi jaririn, ya sa kunne a ƙirjinsa, ya juya shi, ya sake saurare. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, wannan ai ya fi ni lafiya."

Na turo baki wajen ƙofar Iya. Ya bi bakina da ido, ya dawo ya dube ni, na ga fuskarsa ta sauya. Allah ya yi masa albarka, bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo mini jaririn, ya koma ya durƙusa ya ce, "Iya, ina 'yata? An ce ta sha jiki, ban zo na gaishe ta ba."

Iya ta ji daɗi, ta fito da ita. Ya zaunar da ita a cinyarsa a bakin inuwa, yana yi mata wasa, tana cewa Kawu ina alawata. Ya buɗe idon dama a hankali, ya daɗe yana kallo. Ya buɗe na hagu.

Ya ce, "Iya, ina neman alfarma. Idon yarinyar nan yana cikin haɗari. Na dama ya bushe, na hagu kuwa har ya fara taɓuwa. A ba ni ita in kai ta asibiti yanzu, ba gobe ba. Akwai man kifi da ake ba su, akwai allura. Malamanmu suna nan."

Iya ta jawo yarinyar jikinta. "Mai? Mai za ku ba ta fatarta ba ta gama saɓa ba?"

"Rashin man ne ya kawo wannan, Iya."

"Yaro, ka gama karatun naka?"

"Ban gama ba, Iya."

"To in ka gama ka dawo." Ba da tsawa ta faɗa ba. Ta ce, "Ni na binne 'ya'ya da hannuna saboda wannan ciwo, tun ba a haifi uwarka ba. Wannan na tsare ta, Allah ya bar mini ita. Yanzu ka zo da farar riga ka ce in ba ka ita a ɗura mata abin da zai mayar da ciwo ciki? Ubanta ma ba ya gari."

Ƙanena ya yi ta bayani yana durƙushe. Ya kawo hanta, ya kawo madara, ya kawo yaran da ya gani a asibiti. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma kansa a sunkuye yake, muryarsa ƙasa-ƙasa, yadda aka koya masa magana da manya. Ilminsa na nan cike da kai, ba shi da inda zai ajiye shi a tsakar gidan nan. Matan gida duk sun fito sun yi cirko-cirko.

Sai Iya ta nuna ni da hannu ta ce, "Ga uwarta nan tsaye. Kullum tana gidan nan. Ka ji ta ce wani abu na damun yarinyar?"

Kowa ya juyo. An san ba zan yi magana ba, shi ya sa ma aka yi misali da ni. Shirun da aka yaba mini shekara da shekaru, shi aka ɗauko za a rufe maganar da shi. Ƙanena ya ɗago kai ya dube ni, bai roƙe ni ba, kallo kawai. Na dubi yarinyar, ta runtse ido tana murza na hagu da bayan hannu.

Na miƙa wa matar wan mijina jaririn, na taka har tsakiyar gida, na kira sunanta. Da ƙarfi na kira shi, cikakke, yadda liman ya raɗa mata. Na ce, "Zo nan."

Wata ta ce, "La ilaha illallahu!" Wata ta rufe baki da gefen zane. Na ce, "Iya, ki gafarce ni. 'Yata ce, ni na haife ta. Ba ta gani in magariba ta yi, na daɗe da lura. Zan kai ta. In ubanta ya dawo, duk abin da za a yi a yi mini."

Na durƙusa na ɗauke ta daga gaban Iya, ina jiran a riƙe ta. Ba a riƙe ba. Na goya ta, rabon bayana da ita tun ranar yaye. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na nufi zaure, matar aure da rana tsaka, babu izinin miji. Har na kai ƙofa na ji Iya ta ce, "Ke!" Na tsaya, na ce a raina yau sai abin da Allah ya yi. Sai ga ta da mayafinta na saƙi a hannu. Ta lulluɓa wa yarinyar a ka, ta gyara ta soke gefen a zanena, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Rana na damun idonta."

A asibiti wani likita ya duba ta, ƙanena yana tsaye a bayansa yana fassara mini. Aka yi mata allura, aka ɗura mata man kifin tana tofarwa ana mayarwa, aka sa magani aka naɗe idon. Muka yi ta zuwa. Na dama ya dawo tas, har yau da shi take zura zare a allura. Na hagu hakiya ta rufe shi, bai sake gani ba. Ƙanena ya zauna a dakalin asibiti ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce an koya musu alamun ciwon duka, ya haddace su, amma babu wanda ya koya musu abin da mutum zai ce yana durƙushe gaban tsohuwar da ta fi shi son yarinyar. Har ya tsufa a aikin likita, in aka kawo masa yaro, kakar yake fara zaunarwa ya yi hira da ita.

Na sha tunani a kan wannan rana. Ban ga laifin Iya ba, abin da ta sani ta yi, kuma daga baya da hannunta take gasa hanta ta ba yarinyar a baki, ko da yake ba ta taɓa tayar mini da maganar ba har ta koma ga Allah. Mijina da ya dawo ya ji labari, ya dubi idon 'yarsa, ya shiga ɗaki, bai ce mini ci kanki ba. Matan Koki dai sun daina misali da ni, wasu har suka rasu suna ce mini marar kunya. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Amma abin da ya fi zauna mini ba a asibiti ya faru ba, a hanya ne ranar farko. Muna ratsa lunguna, ƙanena yana gaba yana tura keke, ni ina biye ina sauri, mutane na kallonmu. Yarinyar ta yi lamo a bayana ƙarƙashin mayafin Iya, har na ɗauka barci ta yi. Sai na ji ta kawo bakinta kusa da kunnena, a hankali kamar mai tsoron kada a ji.

Ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana?"